Littafin Jan Maraƙi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji shida a wata firamare da ke gefen Badafi. Ranar da aka dawo daga dogon hutu, hedimasta ya kira ni ofis ya ce daga ranar ni zan riƙe ajin ƙanana, 'yan shekara huɗu da biyar. Malamar da ke kula da su ta bi mijinta Kano, ba a kuwa turo wata ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wani laifi na yi?"

Ya ce, "Ba horo ba ne, Malam. Na duba malaman nan kaf, kai kaɗai ne ba ka iya zama a kujera. Yaran ma ba su iya ba. Je ka gwada."

Ajin ba benci, tabarmi uku ne da allon da ya dushe. Yaran sun haura arba'in. Wajen rabinsu 'ya'yan manoman garin ne, sauran daga rugar da ke hayin rafi suke zuwa, suna jin Hausa amma in sun juya ga junansu Fulatanci suke yi. Makon farko na cika allo da baƙaƙe, ina faɗa suna maimaitawa. Bakinsu na bina, idanunsu kuwa suna kan wani ƙadangare da ke hawa da sauka a jikin taga. Kullum na hau babur zan koma gida Bebeji, sai in ji kamar ban tsinana komai ba tun safe. In na isa ba na iya zama. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in leƙa zaure, in dawo. Matata ta ce in dai ba cin tuwon zan yi ba in faɗa mata ta rufe.

A mako na biyu na tuna da wani kwali da ke ƙarƙashin teburin hedimasta. Littattafan yara ne masu hotuna, wasu baƙi suka kawo a farar mota shekarun baya, aka ajiye don kada su lalace. Da na ɗaga kwalin sai gindinsa ya zube, gara ta cinye na ƙasa. Na kwashi waɗanda suka tsira na ɗaure a bayan babur.

Ranar Asabar na baje su a tabarma na shiga zaɓe. Abin da na sani a lokacin shi ne littafin kirki rubutu gare shi. Duk wanda na ga rubutunsa da yawa sai in ajiye a dama, mai ɗan layi ɗaya ko biyu in tura hagu. Akwai wani siriri da ba shi da ko harafi ɗaya a ciki, na ce wannan ai an manta ba a gama buga shi ba, na wurga shi bayan ƙofa.

Ranar Litinin na shiga aji da na dama. Da Turanci suke, ina fassarawa. Na buɗe na farko na nuna musu wani jan ɗan itace, suka haɗa baki, "Tumatir!" Na ce tuffa ce. Na buɗe gaba, ga wani gida farin abu ya rufe shi, suka ce auduga ce aka shanya. Na tsaya ina bayanin dusar ƙanƙara, abin da ni kaina ban taɓa gani ba. Sai ga wata dabba mai gashi tsaye da ƙafa biyu, sanye da kwat. Wani yaro ya ce kare ne, wani ya ce ƙarya ne, wata ta tambaya wane tela ya ɗinka masa riga. Kafin in gama amsa wannan, labarin ya ɓace mana gaba ɗaya, ni da su. Littafi na biyu kuwa kowane shafi cike yake maƙil, motoci, mutane, shaguna, jirgin sama, duk wuri guda. Kowane yaro ya kama abin da idonsa ya faɗa kai yana ihu. Na rufe, na ce a fita tara.

Da yamma ina kai-komo a tsakar gida, matata ta yafito ni da hannu daga ƙofar ɗaki.

"Malam, zo ka ji 'yarka. Kar ka yi magana."

'Yata ta fari, shekararta huɗu a lokacin, tana zaune bayan ƙofa da littafin nan da na wurgar. Kaza ce a ciki da 'yan tsakinta. Tana buɗewa tana ba kanta labari: ga kaza ta fito, ga su sun bi ta, ga su sun tsallake kwata. Sai ta tsaya. Ta koma shafin baya, ta sa yatsa tana ƙirga tsaki, ta dawo gaba ta sake ƙirgawa.

"Ɗaya babu," ta faɗa wa kanta. Ta yi sauri ta buɗe na gaba don ta ga inda ya shiga.

Na daɗe tsaye. Ba wanda ya koya mata ta koma baya ta ƙirga. Ta san kaza, ta san kwata, kowane shafi abu ɗaya ne yake faruwa a cikinsa, kuma kowane shafi yana barin ta da tambayar da sai ta buɗe na gaba za ta sami amsa. Washegari na tafi da shi makaranta. Suka yi masa caa, kai a kan kai, har na kasa ganin hannuna. Amma ɗan ƙarami ne, na baya ba sa hangowa, kowa na ja. Kwana uku ya yi a ajin ya rabu gida huɗu.

Daga nan abin ya shiga raina. Ina son littafi babba wanda yaron da ke tabarmar ƙarshe zai hango, kuma a kan abin da ɗan manomi da ɗan ruga duk suka sani. Na tsayar da maraƙi. Jan maraƙi ya bi malam-buɗe-littafi ya yi nisa da garke, yana yawo yana tambayar akuya da jaki da kwaɗo ko sun ga innarsa, a shafi na bakwai ta same shi, a na takwas yana shan nono. Na zauna na rubuta, kowane shafi rabin takarda, na ƙare da nasiha a kan bin maganar iyaye. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Matata ta ce in karanta wa yarinyar mu gani. A shafi na biyu ta miƙe ta tafi wajen turmi.

"Ka cika surutu," in ji matata. "In hoto zai nuna akuya, me ya kai ka cewa ga akuya?"

Na yi ta yanka ina jin zafi, har kowane shafi ya koma layi ɗaya. Maraƙi ya ce, "Ka ga innata?" A ce masa, "Ban gan ta ba." Nasihar ma na cire ta.

Saura zane, ni kuwa ko kwano ban iya zanawa ba. Wani abokin aikina ya ce akwai wani dattijo kusa da tashar Tudun Wada da ke rubuta allon shaguna yana kuma yi wa manyan motoci ado a baya. Ranar Asabar na kama hanya ta Kwanar Dangora da fararen kwalaye takwas a naɗe. Na same shi a 'yar rumfarsa, gwangwanayen fenti jere a ƙasa, yana zana wa wani mai shayi kofi da tururi. Mutumin Doguwa ne, ya kusa sittin, gajere, hularsa duk ɗigon fenti. Na gaishe shi na tsugunna, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Littafi?" ya ce. "Ɗana, ni allo nake yi da mota."

"Baba, allon ne guda takwas, sai dai a kwali."

Ya sa na ba shi labarin sau biyu. Ya yi dariya a wajen kwaɗo, ya ce in dawo bayan mako biyu. Ban iya jira ba. Sau uku na je a tsakani, har ya ce in na sake zuwa kafin ranar zai zana ni a madadin jakin.

Da na karɓo aikin na ga abin da ban taɓa zato ba. Kowane shafi an kewaye shi da furanni. Ga rana da haskenta, ga duwatsu shuɗɗa, ga itatuwan dabino, saniyar har da gashin ido. A hanya sau biyu na tsaya na kwance don in sake kallo.

Ranar Litinin na ɗaga shafin farko a gaban aji. Sai wani ɗan ruga ya ce, "Nagge!" wato saniya, sauran suka ɗauka. Muka bi maraƙi wajen akuya, muka bi shi wajen jaki. Kafin mu kai ga kwaɗo sun riga ni, ina cewa "Ka ga innata?" suna amsawa gaba ɗaya, "Ban gan ta ba!" Zuciyata ta yi fari. Na ɗaga shafi na bakwai na ce, "Ga inna ta same shi."

Akwai wata yarinya 'yar ruga, siririya mai kitso biyu, da tun da na karɓi ajin ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Sai ta miƙe.

"Ba nata ba ne," ta ce.

Na ce, "Me kika ce?"

"Ba ɗanta ba ne. Nata yana da fari a goshi, da farar ƙafa. Wannan ba shi da shi. An ba ta ɗan wata."

Na jawo shafin farko na haɗa da na bakwai. Gaskiyarta. Na farko yana da farin goshi da farar ƙafa ɗaya, na bakwai ja ne sumul. A na huɗu ma farar ƙafar ta koma baya. Saniyar kanta ƙahonta ya canja. Ajin ya ruɗe. Wani ya ce to ina na gasken, wata ta ce kura ta cinye shi, wani ƙarami ya fara taɓe baki zai yi kuka. Ni kuwa don in kashe maganar sai na ce, "Shi ne mana, ku zauna."

Yarinyar ta dube ni. Ta zauna ta juya fuskarta ga bango. Wannan kallon ya fi komai damuna. Yarinya ta duba da kyau, ta gano gaskiya, ta yi ƙarfin halin faɗa a gaban mutum arba'in, malaminta ya ce mata ba haka ba ne.

Ana tashi ban nufi gida ba, na tsallaka rafi na shiga rugar. Maza sun fita kiwo, na tarar da kakar yarinyar tana wanke ƙore a gindin wata ɗorawa. Muka gaisa, na tambayi gida da shanu, ta sa aka shimfiɗa mini buzu. Na ce mata jikarta ta kama ni da kuskure yau, na zo in ba ta haƙuri, in kuma nemi gyara. Na baje shafukan. Tsohuwar ta goge hannu ta sunkuya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wannan saniyar ɗanta ya ɓata take tsaye haka kamar amarya? Saniyar da ba ta ga ɗanta ba ai ba ta tsayuwa. Kuka take, wuya a miƙe, hantsa ta cika tana ɗiga. Kuma wannan itacen na wane gari ne? Mu nan ɗorawa muka sani da kaɗanya."

Na ce, "Inna, mai zanen a Tudun Wada yake."

"Ya taɓa ganin saniya kuwa? Kawo shi ya gani. Ku zo da sassafe lokacin tatsa."

Yarinyar na laɓe bayan bukka. Na ce mata, "Ke kika yi daidai, ni na yi kuskure." Ba ta fito ba, amma na ga ta leƙo.

Mai zane bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ajiye buroshi ya ce shekara talatin yana wannan aiki, direbobi daga Jos har Kano suna neman sa, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki.

"Yau 'yar shekara biyar ce za ta duba ni? Maraƙi ai maraƙi ne."

"Baba, a wajenmu ne. Su kowane da kamanninsa suka san shi."

Ya ce in kwashe kayana. Na kwashe, na dawo bayan kwana biyu, ya ce ba ya nan alhali ina ganin ƙafarsa ta ƙasan labule. Na sake dawowa ranar Alhamis na zauna a bencinsa tun la'asar, ina tashi ina zama, ina taɓa gwangwanayensa, har ya gaji.

"Kai dai ba ka barin mutum ya huta. Asabar ka zo ka ɗauke ni. Don in rabu da kai ne."

Mun isa rugar rana na ɗagowa. Maruƙa suna ɗaure a jere a dangwali, igiyar nan doguwa da ake ɗaure su don kada su shanye nonon kafin a tatsa. Tsohuwar ta kife wa mai zane turmi ya zauna. Ta kwance wani maraƙi, ya ruga wajen uwarsa, ta bar shi ya ɗan sha sannan ta janye shi ta sa ƙwarya. Uwar ta juyo tana lasar sa tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Mai zane ya ciro fensir daga bayan kunne ya ce in ba shi takarda. Daga nan bai sake kula ni ba. Shi da tsohuwar suka yi ta gardama, tana cewa tozon ya yi baya da yawa, yana cewa ta bari ya gama, tana cewa kunnen na jaki ne. Ya sa aka riƙe wani maraƙi nesa da uwarsa don ya ga yadda take yi, ya zana ta wuya a miƙe baki a buɗe. Da ya nuna wa tsohuwar sai ta ce, "To, yanzu ka ji tausayinta."

A hanyar komawa yana bayana a babur, muka wuce gonakin rake. Can ya ce, "Ka san saniyar da nake zanawa duk shekarun nan? A bayan wata mota na gan ta ina saurayi. Ita nake ta maimaitawa."

A rumfarsa muka tsara sabon aiki. Furanni su fita, duwatsu su fita, dabino ya koma ɗorawa. Kowane shafi maraƙi da wanda yake tambaya, manya-manya, sai fili. Na rubuta a takarda ya manna a bango: farin goshi, farar ƙafar gaba ta hagu, ƙahon uwa na dama ya ɗan karkata. Na kuma roƙe shi maraƙin ya riƙa fuskantar dama a kowane shafi, domin na lura yaran da suka saba ganin littafin Arabiyya a gida ta ɗaya ɓangaren suke buɗewa. In maraƙin na tafiya dama, za su bi shi.

Bayan mako biyu na je na tarar da rumfa a rufe. Mai shayin da ke kusa ya miƙo mini naɗin kwali ya ce Baba ya bar mini, ya tafi gida cire masara. Na kwance a wurin. Shafi shida ne, kyawawa, farin goshi na nan a kowanne. Na bakwai da na takwas farare fat.

Na ce zan jira. Kwana biyar na yi, ina shiga aji da shafi shida a jaka ban iya fito da su ba, don ba zan sake barin yaran nan da maraƙin da ba a samu ba. Ranar Asabar na cika tanki na nufi Doguwa. Hanyar ta ratsa dajin Falgore, itatuwa dama da hagu, ba gida ba rumfa, ga manyan motoci na wuce ni da iska. Da na fita dajin ƙasa ta fara hawa, duwatsu suka bayyana, iska ta yi sanyi. Na yi ta tambaya har wani mai faci ya nuna mini hanyar gonarsa.

Na same shi cikin iyalinsa gaban tulin masara, suna ɓarewa. Da ya hango ni ya dafe kai.

"Har nan?"

"Baba, shafi biyu ne kawai."

"Fentina na Tudun Wada. Masarata na ƙasa, in ruwan ƙarshe ya sauko a kanta na yi asarar shekara. Ba inda za ni sai ta shiga rumbu."

Na tsaya ina juya makullin babur a hannu. Ya dube ni ya ce in zauna in kama ɓara tukuna. Na yi ta ɓara har yatsuna suka yi ja. Bayan azahar, da aka ci dambu, ya share ƙasa da tafin hannu ya karyo kara.

"Kai za ka zana. Ka ga saniyar da idonka yadda na gan ta. Fara da gadon baya, layi ɗaya. Ga tozo. Ga ciki. Ƙafa kar ka yi ta kamar sanda, tana da gwiwa. Karɓi."

Na zana, ya share da ƙafa. Na sake, ya share. Matan gidan na ta dariya a bayan tulin masara. Wajen karo na goma ya ce, "Wannan in aka ce wa mutum saniya ce ba zai yi musu ba. Tashi ka kama hanya, kar yamma ta same ka a daji."

Mako guda na yi a kan shafi biyun nan, da fensir da kalar 'yan makaranta. Na ɓata kwali biyar. Duk wanda na gama sai in kira 'yata in tambaye ta mene ne wannan. Na farko ta ce doki. Na uku ta ce saniya ce amma ba ta da lafiya. Na ƙarshe na duba shafin farko sau uku, na sa farin goshi, na sa farar ƙafar gaba ta hagu, na karkata ƙahon dama. Na kai wa wani baduku a kasuwar Bebeji ya haɗa takwas ɗin ya ɗinke bayan da fata.

Daga nan na kai littafin aji. Muka bi shafi shida na mai zane lafiya. Na buɗe na bakwai, nawa, na kasa kallon yaran. Sai na ji motsi. Yarinyar nan mai kitso biyu ce ta taso ta tsallake ƙafafun 'yan uwanta ta zo gaban littafin. Ta sa yatsa a goshin maraƙin. Ta sauke zuwa ƙafa. Ta ce in koma shafin farko, na koma, ta duba, ta ce in dawo.

"Shi ne," ta ce wa ajin. Sannan ta ƙara kallonsa. "Amma ya rame."

Wani yaro daga baya ya ce, "Ai tun safe bai sha nono ba!"

Duk suka yarda da haka. Ramar da rashin iyawata ta jawo ta zama cikin labarin, har wata ta ce shi ya sa uwar ma ƙafarta ta lanƙwashe, ta gaji da nema.

Mun karanta littafin nan kusan kullum har ƙarshen zango. Ba zan ce kowa ya amfana ba, akwai 'yan biyu-uku da har aka yi hutu barci suke yi in na buɗe. Amma da yawa sun fara tsayar da ni kafin in juya shafi su faɗi wanda za a tarar a gaba. Wasu na karɓa su ba 'yan uwansu labarin da Fulatanci. Wata rana na ga wani yaro ya sa yatsa ƙarƙashin rubutun yana bi, ya ce wannan kalmar da ta shafin jaki iri ɗaya ce. Kalmar "innata" ce. Ban koya masa ba tukuna.

A zango na biyu aka tara malaman ƙananan azuzuwa bita a Kiru, har da na maƙwabta, na tafi da littafin. Wata malama daga wajen Burumburum ta roƙe ni aron mako biyu. Na ba ta ba da son raina ba. Mako biyu ya zama wata biyu. Na kira ta a waya, ta ce in yi haƙuri, kuma akwai abin da ya kamata in sani: ta ƙara shafi.

"Kin ƙara me, Malama?"

"Yarana ne suka hana ni sakat. Sun ce yaya maraƙi zai ɓata tun safe ba wanda ya fito nema daga gida? Sai na zana mace da sanda tana bin sawu."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wa ya ba ta izini. Ranar Juma'a na nemi hedimasta ya sake ni da wuri na tafi karɓo abina. Na tarar da su a gindin bishiyar mangwaro, don rufin ajinsu iska ta yaye. Littafin na hannun wata yarinya, gefensa ya yi baƙi da dattin hannu, fatar bayan ta saki an ɗaure da zare. Shafin malamar na tsakanin jaki da kwaɗo, a kwalin sabulu ta yi shi, matar da ta zana hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da aka zo wurin yaran suka sauke murya, suka sunkuya suna nuna sawun kofato ɗaya-ɗaya a ƙasan hoton, suna ƙirgawa har bakin kwali.

Malamar ta ce, "Ga shi nan, Malam. In ka ga shafin bai dace ba zare ne kawai, sai a cire."

Na karɓa na juya shi a hannu. Yaran duk suka zubo mini ido. Na miƙa mata na ce ta riƙe zuwa hutu.

Na hau babur ana kiran sallar Juma'a a garin, na tsaya na bi jam'i, na kama hanya cikin rana. Tun daga nan har Kwanar Dangora gardama nake yi da kaina. Matar da sanda ta dace, wannan na yarda. Amma ba bayan jaki ya kamata ta fito ba. Kamata ya yi a gan ta tun shafi na uku, ƙarama can nesa a bayan akuya, ta riƙa matsowa kaɗan-kaɗan, yaro ya gano ta da kansa kafin malam ya ce komai. Na tsaya gefen titi na lalubi aljihu, ba takarda, sai na rubuta a bayan hannuna.